Ragon Ban Haƙuri

Wagadugu

A tashar jirgin ƙasa ta Wagadugu aka fara koya mini hankali. Mu uku ne daga Adar, duk yunwar shekarar nan da damina ta ƙi ce ta koro mu, muna zaune bisa buhunanmu muna rarraba ido. Sai ga wani mutum fes da shi, har da agogo, ya yi mana sallama da Hausa. Tun da muka bar Yamai ban ji Hausa a bakin baƙo ba, don haka nan take na ji kamar uwarmu ɗaya. Ya ce ba a shiga Kodebuwa sai an buga wa katin shaidar mutum hatimi, shi kuwa ya san mai hatimin. Abokan tafiyata suka yi ƙememe. Ni mai wayo, wanda ya taɓa zama bisa benci a likitar Buza, wato asibiti, har ya iya 'yan kalmomin Faransanci, na zaro nawa na miƙa masa. Har yau yana can yana buga hatimin.

Sunana Sahabi. Ƙauyenmu yana bayan Buza in ka ɗauki hanyar Keita, kuma ni ne sakuris na garin, wato wanda aka zaɓa aka kai likita aka koya masa wanke gyambo da ɗiga maganin ido da ba da ƙwayar zazzaɓi, sannan aka ba shi akwatin katako ya koma gida. Aikin ba albashi, sai godiya, godiya kuwa ba ta zama tuwo. Shi ya sa na ajiye akwatin wurin maigari na bi sahun masu cin rani.

Daga ranar da katin nan ya tafi, tsoro ya zama abokin tafiyata. Da jirgi ya kusa iyaka, wata 'yar kasuwa Bamosa da ke zaune kusa da ni ta ga yadda nake zufa, ta gane. Ba mu da harshe ɗaya. Ta nuna mini ƙarƙashin benci, na shige, ta jawo kwandunan busasshen kifinta ta tare ni, ta baza zanenta. Ina kwance ina kallon takalman 'yan sanda suna matsowa, tari ya taso mini saboda warin kifi. Sai na ji ta ɗora diddigenta bisa wuyana ta danna. Ban taɓa jin daɗin a taka ni ba sai ran nan. Da muka wuce ta ba ni guntun dafaffiyar doya, ta juya ta ci gaba da hirarta kamar ba a yi kome ba.

Buwake

A Buwake na yi 'yan watanni ina tura amalanke a kasuwa, ina kwana a barandar wani shago. Duk inda na hango kaki sai in sake hanya, ko da mai gadin banki ne. Nan na ji labarin Baba Nomau, wani dattijon wajen Azarori da ya daɗe can kudu cikin kurmi, a wani kamfani na masu yankan katako. Aka ce shi ne uban duk wani Ba'adare da ke wurin, kuma jandarma, masu kamun marasa takarda, ba su cika shiga can ba. Wannan na ƙarshen shi ya ja ni.

Cikin kurmi

Mutumin Adar bai san kurmi ba. A wurinmu in ka hau dutse kana hango jakin da zai iso gari bayan azahar. Can kuwa itatuwa sun rufe sama, rana sai an nema, ga wasu tsuntsaye masu kuka kamar mutum. Na yi kewar fili har na riƙa mafarkin tsakuwa.

Baba Nomau ya karɓe ni hannu biyu. Siriri ne, mai farin gemu, ba ya ɗaga murya. Ya sa aka ɗauke ni ɗaukar katako. Wata rana zarto ya tsage ƙafar wani lebura, kowa ya tsaya yana ihu, ni kuma na yage rigata na ɗaure masa na goya shi zuwa likitar kamfanin. Shugabar likitar, wata Banasara da kowa ke kira Madam, ta dubi ɗaurin, ta dube ni, ta ce in dawo gobe. Da daddare 'yan garinmu suka yi ta zolayata, wai Adar ta yi dokta.

Da na shiga na tarar ma'aikata iri biyu ne a gidan, kuma tun daga ƙofa riga ke gaya maka matsayin kowa. Masu farar riga 'yan ƙasa ne masu takardar makaranta. Suna da kujera, da hutu, da safar hannu, da sandika, wato ƙungiyarsu da ke tsaya musu in magana ta taso. Mu masu shuɗiyar riga duk baƙi ne. Mu ke shara, mu ke dafa allurai cikin tukunya, mu ke wanke tasoshin masu tarin jini da hannu tsirara, mu ke ɗaukar gawa. In mai farar riga ya makara, an ce hanya ce ba kyau. In mai shuɗiya ya makara, akwai wani a bakin ƙofa yana jiran rigar.

Wanda nake ƙarƙashinsa shi ne Musiye Kwasi, ma'aikacin jinya, mai fara'a da son turare. Ba zan ce mugu ba ne, don ya sha ba ni sauran abincinsa. Amma yana da babur, yana kuma da ƙauyukan da yake zagawa yana yi wa mutane allura don aljihunsa. Saboda haka ya zaunar da ni ya koya mini allura a jikin gwanda, ya ce hannuna mai kyau ne. Daga nan da ya ga Madam ta tafi gida cin abinci sai ya hau babur, ya bar ni da layin marasa lafiya.

Madam ta sani sarai. Wata rana ta shigo ta same ni da allura a hannu, ta tsaya, ta juya ta dubi bango har na gama. Da za ta fita ta ce, "Sahabi, in ka ga baƙuwar mota a ƙofa, ka ɗauki tsintsiya." Umarnin ke nan da aka taɓa ba ni game da aikin. Duk allurar da na yi, a tsorace nake yin ta, don na san in an samu lafiya aikin likita ne, in aka samu akasi kuwa hannun baƙo ne marar takarda. Na taɓa gaya wa Tanti Ajuwa haka. Ita ce ungozomar gidan, mace mai jiki, mai 'ya'ya da yawa, ita kaɗai cikin masu farar riga ke amsa gaisuwata da sunana. Ta ce, "Ka ƙi mana." Muka dubi juna, muka yi dariya, don ta san yadda ake yi wa wanda ya ƙi.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne. Musiye Konan, shugaban masu sarar itace, ɗan asalin ƙauyen da ke jikin kamfanin, ya zo da ciwon ƙirji. Da ya gan ni kusa da tire sai ya ɗaga hannu ya ce shi ba Bahaushe mai shara zai soke shi ba, a kira masa ma'aikaci na gaske. Wallahi daɗi na ji. Musiye Kwasi ya zo ya haɗa maganin da kansa ya yi masa. Ni ina riƙe da tire, Tanti Ajuwa tana bakin ƙofa tana jiran almakashi. Mutumin ya miƙe yana ɗaure wando, sai ya ce wuyansa. Leɓunansa suka kumbura muna kallo, ya kama iska ya faɗi. Aka yi ta danna ƙirji, aka aika a kira Madam. Kafin ta iso rai ya yi halinsa.

Ta tambayi wanda ya yi allurar. Musiye Kwasi haɓa kawai ya ɗaga ya nuna ni.

Na buɗe baki, Faransancin nan nawa ɗan kaɗan ya gudu ya bar ni. Na dubi Tanti Ajuwa, ita kuma tana duban ƙasa. Madam na yi mini tsawa, ni kuwa na sunkuyar da kai, don haka aka rene ni, ba a kallon babba cikin ido yana faɗa. Ta sa aka rufe ni a ɗakin ajiyar sabulu da barguna, ta ce sai babban dokta ya zo daga birni a bincika.

Ɗakin yana da 'yar taga mai ƙarfe da ke kallon farfajiya. Ta nan na ga wakilin sandika ya iso washegari, masu farar riga suka taru ƙarƙashin mangwaro, Musiye Kwasi a tsakiyarsu ana dafa masa kafaɗa. Da wakilin ya zo wucewa na kira shi, na ce ni ma ma'aikacin gidan nan ne, a saurare ni. Ya tambaye ni ko ina da katin ƙungiya. Na ce a'a. Ya ɗaga kafaɗa ya wuce, ba da fushi ba.

Tanti Ajuwa ce ke miƙo mini abinci ta tagar. Ta raɗa mini cewa in kwantar da hankalina, Madam ba ta gamsu ba. Ta lura Kwasi ba ya iya haɗa ido da ita, kuma ta san marigayin da girman kai, da wuya ya yarda mai shara ya taɓa shi. Ta ce Madam na nufin ta kira kowa shi kaɗai ta tambaye shi in dokta ya zo. Ran nan na samu na ci abincin.

Sai mutanena suka zo taimakona.

Da safe na ji kukan rago. Na leƙa, sai ga Baba Nomau cikin babbar rigarsa ta Salla, bayansa duk Adarawan kamfanin, kowa ya sha wanka, suna jaye da farin rago mai ƙaho. Na san abin da ragon nan ya ci musu, mutanen da ke jiƙa garin rogo su kwana. A bakin matakala suka tuɓe takalma, suka durƙusa cikin jar laka.

A wurinmu haka ake yi. In an ce sanka ya shiga gonar wani, ko ɗanka ya fasa wa ɗan wani kai, ba ka tsayawa gardama. Manya ke tashi su riga fushi isa, su durƙusa, su ba da haƙuri, zuciya ta yi sanyi. Gaskiyar magana daga baya ake zama a warware ta, cikin gida, ba a gaban mai fushi ba. Na sha bin mahaifina irin wannan tafiya. Amma da na gan su ta tagar nan sai na san lamarin zai ɓaci, don na zauna da Madam na san yadda kanta ke aiki. Na kama ƙarfen taga ina kiran Baba, ina cewa su tashi. Ya ɗago mini hannu, irin na kwantar da hankalinka, mun iso.

Madam ta fito. Wani da ya fi jin Faransanci ya yi tafinta. Baba Nomau ya ce, "Ki gaya ma Madam, yaron ga namu na. Mun zaka mu ba da haƙuri. Abin da yaf faru ya faru, ta dubi Allah ta dubi tsuhwanmu, ta yahe mai."

Ta tsaya tana kallonsu, tana kallon ragon. Na ga fuskarta ta sauya. Ta ce, "Ashe ya gaya muku shi ya yi." Sannan ta ce, "Kuma kun kawo mini rago in rufe baki?" Baba bai gane ba, ya ga dai ta yi magana, ya ƙara sunkuyawa yana cewa a yi haƙuri, a yi haƙuri. Ta juya ta shiga ofis. Ina jin muryarta ta bango tana kiran jandarma a rediyo. Musiye Kwasi yana tsaye a baranda, na ga ya sauke ajiyar zuciya.

Ba Madam kaɗai ta ga ragon ba. Dangin marigayin sun gani. Kafin azahar samarin ƙauyen suka fara taruwa a bakin ƙofar kamfani, kowa da addarsa, ba mai hayaniya. Shirun nan nasu ya fi ihu ban tsoro. Na zauna bisa barguna. In jandarma suka riga, kurkuku ne a ƙasar da ba wanda ya san sunan ubana. In samarin suka riga, ko kabari ba lalle in samu ba. Na yi ta karanta duk abin da na haddace, ina rikita ayoyi. Na tuna Inna, na ce ashe ganin da na yi mata a ƙofar gida shi ke nan.

Rana na tsaka, lokacin da kowa ya shige inuwa, na ji makulli. Tanti Ajuwa ce. Ta jefa mini tsohuwar rigar mijinta, ta ce in cire shuɗiyar. Ta bi da ni ta bayan ɗakin haihuwa, inda maza ba sa bi, har bakin wata hanyar motocin gungume. Tana haki ta ce, "Na gani da idona, ba kai ba ne. Amma kawun Kwasi ne babba a sandika. In na buɗe baki, gobe ba ni da aiki, 'ya'yana kuma ba su da kowa." Ta ce, "Ba sai ka yafe mini ba. Tafi kawai."

Wata babbar mota na tsaye da gungume, direban Bamoshe ne, Tanti Ajuwa ta riga ta yi magana da shi. A gefen motar kuma Baba Nomau ne, lakar durƙuso ba ta bushe a rigarsa ba. Ya damƙa mini ƙullin garin rogo da goro. Na ce, "Baba, don mi ba ku tambaye ni ba kahin ku tahi?"

Ya dube ni da tausayi, ya ce, "Haba ɗana. A tambayi mutum abin kunya ido da ido? Ƙaddara ta, kowa na iya kuskure. Mu dai mun so mu ruhe maka asiri."

Nan na gane shi ma ya yarda ni na yi. Direba ya buga ƙofa, na hau na kwanta bayan kujerarsa, ya lulluɓe ni da tampol.

Hanyar komawa

Komawar ta fi zuwan tsawo. Ba kati, ba guzuri, ga kuma tunanin an baza sunana. Duk shingen da mota ta tsaya sai in ji fitsari na neman kuɓuce mini. Na tsallake iyaka a ƙasa, cikin ayarin wasu Fulani masu komawa gida da sandunansu bayan sun sayar da shanu. Na yi dako a nan, na yi kwasar gyaɗa a can, in na tara na mota in ƙara gaba. Watanni suka shuɗe kafin in ga duwatsun ƙasarmu.

Madawa

Na sauka a tashar Madawa da safe, na zauna wurin mai shayi ina jiran motar Buza. Da ya ji daga Kodebuwa nake sai ya gyara tsayuwa. Ya ce, "To kai ka ji labarin wani ɗan bayan Buza da yak kashe mutum da allura can? Cikin kasat ɗin da 'yan cin rani sunka aiko anka ji. An ce hal rago dattawa sunka kai, Nasara ta ƙi amsa."

Na ce ban ji ba. Na ajiye kofin da sauran shayi a ciki, na tashi.

Gida

An tarbe ni da mutunci, kuma mutuncin ne ya fi ci mini rai. Kowa ya zo barka da hanya. Kowa ya ce Allah shi kiyaye gaba. Ba wanda ya ambaci allura, ba wanda ya tambaye ni kome, ni kuma ba ta yadda zan fara rantsuwa a kan abin da ba a tuhume ni da shi ba. Maigari ya aiko mini da akwatina, don ba a samu wanda ya karɓi aikin ba. Na je Buza aka cika mini shi da magani, na dawo na ajiye a zaure, na shimfiɗa tabarma kamar da.

Lokacin ciwon ido ne, yara duk idanu sun yi ja sun manne. Ina zaune ina kallon mata na fitowa da goyo, in sun kusa zaurenmu sai su gaishe ni da ladabi su karkata ta bayan rumbuna. Wasu har Buza suke takawa a ƙasa, wasu su koma ga toka da ruwan ganye. Na yi niyyar mayar da akwatin in bi masu aikin jera duwatsun tare zaizayar ƙasa a Keita, inda ba a san ni ba.

Ni ne ɗan fari a wurin Inna. Tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama inda nake, in za ta yi mini magana sai ta dubi wani wuri ta ce a gaya wa wancan. Ko da na dawo daga wannan tafiya, ƙanwata ta aiko da ruwa.

Ran nan da hantsi, mutane na zaune gindin bedi, wato dogon yaro, suna kallo, sai ga ta ta fito daga cikin gida tana lalube, idanunta sun kumbura. Ta zo har tabarmata ta zauna gabana.

Ta ce, "Sahabi."

Ban taɓa jin sunan a bakinta ba, har na waiga ko da wani take.

Ta ce, "Dube ni nan. Kai kay yi?"

Tun daga kurmi har Adar, ita ce mutum ta farko da ta tambaye ni. Da kyar na ce, "Ba ni niy yi ba, Inna."

Ta ce, "To." Ta gyara zama, ta ɗaga fuskarta sama, ta sa yatsa ta buɗe idon da kanta. "Ɗiga mani."

Na buɗe akwatin na ɗauko kwalbar. Ɗigon farko ya kuskure, ya sauka a kumatunta. Ba ta motsa ba, ba ta saki idon ba, ta jira har na biyun ya shiga.